Tarihin Gano Zagayawar Jini: Daga Jalinus zuwa Ƙwayar Halitta

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin ilimin halittu a yau zai tarar da bayanin zagayawar jini cikin 'yan layuka kaɗan. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a dama biyu a hagu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu domin ya ɗauko iskar oksijin, ɓangaren hagu kuma yana tura shi zuwa sauran sassan jiki, daga can ya sake komowa zuciya. Baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, zuciyarsa kuwa tana bugawa wajen sau 70 a minti guda, wato kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Sauƙin wannan bayani kan sa a zaci tun fil azal aka san shi. Alhali kuwa likitocin Rum da Bagadaza da Alƙahira da Turai sun shafe shekaru fiye da 1,400 suna koyar da wani bayani daban, suna kuma yi wa marasa lafiya magani a bisa shi.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka sauya wancan bayani da wanda ake koyarwa yanzu. A cikin tarihin akwai hanyoyin jini guda biyu da masana suka ce akwai su ba tare da idonsu ya gan su ba. Ta farko ita ce ƙananan ramukan da Jalinus ya ce suna jikin bangon da ya raba zuciya gida biyu. Ta biyu ita ce siraran hanyoyin da William Harvey ya ce suna sada jijiyoyin da ke fitar da jini da masu komar da shi. Da aka bincika, ramukan Jalinus babu su, hanyoyin Harvey kuwa suna nan. Dalilin da ya sa da'awa ɗaya ta faɗi ɗaya ta tsaya shi ne abin da maƙalar ke son fito da shi.

Jalinus da Ramukan da Ba a Gani

An haifi Galen, wanda littattafan Larabci suka sani da suna Jalinus, a shekarar 129 Miladiyya a birnin Fargamon da ke cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ya fara aiki a matsayin likitan mayaƙan da ke gwabzawa da takobi a filin wasa, inda raunukan da yake ɗinkewa suka ba shi damar leƙa cikin jikin mutum. Daga baya ya koma birnin Rum har ya zama likitan Sarki Marcus Aurelius. Al'adar zamaninsa ba ta yarda a feɗe gawar ɗan Adam ba, don haka ya dogara ga feɗe birai da aladu da shanu da awaki, yana kwatanta abin da ya gani da jikin mutum.

Jalinus mai gwaji ne na gaske. Kafin shi, wasu likitocin Iskandariyya sun koyar da cewa jijiyoyi masu bugawa iska ce a cikinsu, domin a gawa akan same su fayau. Shi kuwa ya ɗaure irin wannan jijiya a wuri biyu a jikin dabba mai rai, ya tsaga tsakani, jini ya fito. Da wannan ya kashe waccan magana.

Bayanin da ya gina a kan tafiyar jini shi ne kamar haka. Abinci yana narkewa a ciki da hanji, ya wuce zuwa hanta, hanta ta mayar da shi jini. Daga hanta jinin yana malala ta jijiyoyi marasa bugawa zuwa gaɓoɓi, su kuma su cinye shi kamar yadda gona ke shanye ruwan ban-ruwa. Wani kaso na jinin yana shiga ɓangaren dama na zuciya, daga nan kaɗan ya ratsa zuwa ɓangaren hagu, ya gauraya da wata iska mai rayarwa da ke zuwa daga huhu, sannan ya bi jijiyoyi masu bugawa. A wannan tsari jini ba ya komowa. Kullum ana yin sabo, kullum ana cinye shi.

Matsalar ita ce tsakanin ɓangarorin zuciya biyu akwai bango na tsoka mai kauri. Tunda tsarin yana bukatar jini ya tsallaka, sai Jalinus ya ce bangon yana da ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya iya gani. Babu wani awo ko gwaji da ya nuna su. An samar da su ne domin bayanin ya tsaya da ƙafarsa.

Tsarin ya haɗu da aƙidar ruwaye huɗu da aka ce lafiya ta rataya ga daidaitonsu: jini, da majina, da ruwan ɗaci iri biyu waɗanda littattafan Larabci suka kira safra'u da sauda'u. Idan hanta tana ta yin jini, to yana iya yawaita ya taru ya lalace, maganinsa kuwa a tsaga jijiya a zubar da shi. Wannan ya sa tsagar jini ta zama ginshiƙin aikin likita tsawon ƙarnoni.

Daga Bagadaza zuwa Alƙahira

A ƙarni na 9, Hunainu ɗan Ishaƙa (809 zuwa 873) da almajiransa a Bagadaza suka fassara littattafan Jalinus sama da ɗari zuwa Siriyanci da Larabci. Likitocin duniyar Musulmi sun girmama Jalinus, amma ba duka suka rufe ido suka bi shi ba. Abubakar Ar-Razi ya rubuta littafi sukutum a kan shakkun da yake da su game da wasu maganganunsa. Duk da haka, lokacin da Ibnu Sina (980 zuwa 1037) ya tsara babban littafinsa Al-Ƙanun, ginshiƙan bayanin Jalinus a kan hanta da zuciya sun shiga ciki, littafin kuma ya zama abin karantarwa a Gabas da Yamma.

Wanda ya fara rushe maganar ramukan shi ne Ala'uddini Ibnun Nafis. An haife shi a wajen shekarar 1213 a yankin Dimashƙa, ya koyi likitanci a asibitin Nuri na birnin, sannan ya koma Alƙahira inda ya yi sauran rayuwarsa. Bayan likitanci, malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya. A shekarar 1242 ya rubuta sharhi a kan sassan Al-Ƙanun da suka shafi ƙirar jiki. A ciki ya bayyana cewa bangon zuciya toshe yake, ba shi da rami na fili ko na ɓoye. Saboda haka dole jinin ɓangaren dama ya bi babbar jijiyar da ke zuwa huhu, ya bazu a can ya gauraya da iska, sannan ya komo ta wata jijiyar zuwa ɓangaren hagu. Ya ƙara da cewa tsokar zuciya tana samun abincinta ta jijiyoyin da suka ratsa jikinta, saɓanin ra'ayin da ke cewa daga jinin da ke cikin ɗakunanta take sha.

Wannan shi ne bayani na farko da aka sani a rubuce na ƙaramar zagayawa, wato tafiyar jini daga zuciya zuwa huhu ya komo. Ibnun Nafis bai kai ga babbar zagayawa ta dukkan jiki ba, domin ya ci gaba da ɗaukar hanta a matsayin masana'antar jini. Amma ya nuna cewa ana iya cire wani dutse daga ginin Jalinus. Ya rasu a Alƙahira a 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.

Abin da ya faru da wannan bayani darasi ne shi ma. An ci gaba da karanta wasu littattafan Ibnun Nafis, amma maganarsa a kan huhu ba ta sauya abin da akasarin likitoci ke koyarwa ba. Duniyar ilimin zamani ba ta farga da ita ba sai a 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar, Muhyiddini At-Tatawi, ya ci karo da kwafin sharhin a ɗakin karatu na birnin Barlin, ya rubuta kundin digirinsa a kansa a Jamus. Gaskiyar da ba ta samu masu gwada ta da yaɗa ta ba tana iya kwana a cikin takarda shekaru ɗaruruwa.

Teburin Fiɗa a Paduwa

A ƙarni na 16 jami'o'in Italiya sun riga sun saba da feɗe gawar mutum domin koyarwa. Sai dai yadda ake yi da ban mamaki. Shaihun malami yana zaune a kan kujera yana karanta littafin Jalinus, wanzami yana yanka a ƙasa, ɗalibai suna kallo. In gawa ta saɓa wa littafi, akan ɗora wa gawar laifi.

Andreas Vesalius (1514 zuwa 1564), haifaffen Brussels da ya koyar a Paduwa, shi ya sauko daga kujera ya riƙe wuƙar da hannunsa. A babban littafinsa na 1543 ya gyara kurakurai masu yawa da suka samo asali daga kwatanta jikin biri da na mutum. A bugun farko ya nuna mamakin yadda jini zai ratsa bangon da ba a ga rami a jikinsa ba. A bugu na biyu, na 1555, ya fito fili da shakkarsa. Magajinsa Realdo Colombo ya yi bayanin bin jini ta huhu a littafin da aka buga a 1559, bayan gwaje-gwaje a kan dabbobi masu rai.

Tsakanin waɗannan shekaru, wani ɗan arewacin Sifaniya mai suna Michael Servetus ya saka irin wannan bayani a cikin wani littafin tauhidin Kirista da ya buga a 1553. A watan Oktoba na shekarar aka ƙone shi a birnin Janeba saboda ra'ayoyinsa na addini, aka ƙone littafin tare da shi, kwafi uku kacal suka tsira. Maganar jini ba ta cikin tuhumar da aka yi masa, amma wutar da ta ci littafin ta hana bayanin yaɗuwa.

Wani malamin Paduwa, Fabricius, ya buga littafi a 1603 a kan wasu 'yan ƙofofi na fata da ya gani a cikin jijiyoyi marasa bugawa. Ya zana su da kyau, amma ya fassara su da idon Jalinus. A ganinsa aikinsu shi ne rage gudun jinin da ke fita daga hanta don kada ya taru a hannu da ƙafa. Daga cikin ɗalibansa akwai wani saurayi ɗan Ingila da ya kalli ƙofofin nan ya ga wani abu daban.

Lissafin William Harvey

An haifi William Harvey a 1578 a garin Folkestone na Ingila. Ya yi karatu a Kambirij, ya karɓi digirin likita a Paduwa a 1602, ya koma Landan ya yi aiki a asibitin Saint Bartholomew, daga baya ya zama likitan Sarki James na Ɗaya da Sarki Charles na Ɗaya. A 1628 ya buga ɗan ƙaramin littafi mai shafi 72 da harshen Latin a birnin Frankfurt, a kan motsin zuciya da jini.

Hujjarsa ta farko daga kallo ta fito. Zuciyar kare ko tumaki tana bugawa da saurin da ido ba ya iya bi, don haka ya koma ga macizai da kwaɗi da kifaye masu bugun zuciya a hankali. Ya ga cewa aikin zuciya matsewa ne, kuma a lokacin matsewar take feso jini cikin jijiyoyi masu bugawa. A jikin maciji, in ya matse jijiyar da ke shigar da jini sai zuciya ta yi fari ta motse. In ya matse mai fitarwa sai ta kumbura ta yi jawur. Jini ke nan ta gefe ɗaya yake shiga, ta ɗaya yake fita.

Hujja ta biyu gwaji ce a hannun mutum. In aka ɗaure damtse tamau, bugun jijiya a wuyan hannu yana tsayawa, hannun ya yi sanyi. In aka ɗan sassauta, bugun yana dawowa, jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata su kumbura daga ƙasan ɗaurin. Wannan ya nuna jini yana shiga hannu ta jijiyoyi masu bugawa da ke can ciki, yana neman fita ta marasa bugawa da ke kusa da fata. Sannan ya sa yatsa ya danne jijiyar da ta kumbura, ya share jinin zuwa sama, sai wurin ya zauna fayau har sai ya ɗaga yatsan da ke ƙasa. Ƙofofin Fabricius ashe suna barin jini ya nufi zuciya ne kawai, suna hana shi komawa baya. Kowane ɗalibi yana iya maimaita wannan a kan jijiyoyin bayan hannunsa.

Hujja ta uku, wadda ta fi kowace nauyi, lissafi ce. Harvey ya auna abin da ɗakin hagu na zuciya ke iya ɗauka, ya ƙaddara cewa ɗan kaɗan daga ciki ne ke fita a kowane bugu, ya ninka da adadin bugun rabin sa'a. Da gangan ya zaɓi ƙananan alƙaluma, amma duk da haka jinin da ya fito a lissafin ya zarce wanda ke jikin mutum gaba ɗaya. Awon yau ya nuna abin ya fi haka. Zuciyar baligi da ke hutawa tana tura kimanin mililita 70 a kowane bugu, wato wajen lita 5 a minti, kimanin lita 7,000 a kwana ɗaya. Wannan ya kai duro 35 mai cin lita 200. Babu hantar da za ta sarrafa abincin yini guda ya zama jini mai wannan yawa, babu kuma gaɓoɓin da za su cinye shi. Amsa ɗaya ta rage: jini ɗaya ne yake ta zagayawa.

Saura giɓi guda. Ta ina jinin yake tsallakawa daga ƙarshen jijiyoyi masu bugawa zuwa farkon marasa bugawa? Harvey bai ga hanyar ba. Ya ce dole akwai ta, ko dai ta haɗuwar jijiyoyin ko ta ƙofofin da ke cikin tsoka. Masu adawa da shi, irin su James Primrose a Ingila da Jean Riolan a Faris, suna da abin kamawa. Sun kuma tambaye shi amfanin wannan zagayawa, bai da gamsasshiyar amsa, domin a lokacin ba a san iskar oksijin ba. Wani marubucin zamaninsa, John Aubrey, ya ruwaito cewa bayan fitowar littafin masu zuwa neman magani wurinsa sun ragu. Harvey ya rasu a 1657 ba tare da ya ga hanyoyin da ya yi hasashe ba.

A nan bambancinsa da Jalinus ya fito. Jalinus ya fara da tsari, sannan ya samar da ramuka domin su cece shi, ya kuma siffanta su da cewa ba a iya ganinsu, ta yadda babu mai iya ƙaryata shi da ido. Harvey ya fara da awo da gwajin da kowa zai iya maimaitawa, su suka tilasta masa cewa akwai hanya. Da za a ƙi yarda da hanyar, sai an bayyana inda jinin duro 35 yake zuwa kowace rana.

Madubi Ya Cike Giɓin

A shekarar da littafin Harvey ya fito, 1628, aka haifi Marcello Malpighi kusa da birnin Bologna na Italiya. A 1661, shekara huɗu bayan rasuwar Harvey, ya ɗora huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ya ga wata saƙa ta jijiyoyi waɗanda silin gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba, suna sada jijiya mai kawo jini da mai tafiya da shi. Jinin bai zuba cikin tsoka ba, yana cikin bututu tun daga farko har ƙarshe. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan gani ya zo ya tabbatar da abin da lissafi ya riga ya faɗa.

Madubin ya buɗe wata ƙofar. A 1665 Robert Hooke na Landan ya buga littafin abubuwan da ya gani da nasa madubin. Ya yanka siririn ɓawon wata bishiya da ake toshe bakin kwalba da shi, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya ba su suna da kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki. Daga nan sunan ƙwayar halitta ya samo asali a harsunan Turai, ko da yake abin da Hooke ya gani bangayen matattun ƙwayoyi ne.

A garin Delft na ƙasar Holan kuwa akwai wani ɗan kasuwar yadi, Antonie van Leeuwenhoek (1632 zuwa 1723), wanda bai yi jami'a ba bai kuma san Latin ba. Da hannunsa yake goge ƙananan gilasai, wasu suna ƙara girman abu fiye da sau 200. A 1674 ya rubuta wa Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan cewa jinin da ya tsaga daga yatsansa cike yake da ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikin ruwa. A 1688 ya kalli wutsiyar ɗan kwaɗo mai rai, ya ga ƙwayoyin suna bin siraran jijiyoyi, suna karkatowa su koma wajen zuciya.

Tambayar amfanin zagayawa ita ma ta samu amsa sannu a hankali. A 1669 Richard Lower ya nuna cewa jini yana sauya launi daga ja mai duhu zuwa ja mai haske a lokacin da ya ratsa huhu, saboda haɗuwa da iska. Bayan ƙarni guda Antoine Lavoisier na Faransa ya bayyana cewa numfashi wani nau'in ƙuna ne a hankali, wanda ke cin oksijin ya fitar da zafi da gurɓatacciyar iska.

Sai dai aikin asibiti bai bi ilimi da sauri ba. An ci gaba da tsagar jini kusan shekaru 200 bayan Harvey. A watan Disamba na 1799, likitocin George Washington, shugaban Amurka na farko, sun zubar masa da jini mai yawa a yini guda saboda ciwon maƙogwaro, ya rasu a daren. Sai a wajen 1830 likitan Faransa Pierre Louis ya fara ƙirga marasa lafiyar da ke fama da ciwon huhu, yana kwatanta waɗanda aka yi wa tsaga da wuri da waɗanda aka jinkirta, ya ga amfaninta bai kai yadda ake zuzutawa ba. A nan ma ƙidaya ce ta yi aikin da gardama ta kasa.

Jini a Matsayin Taron Ƙwayoyi

A 1838 Matthias Schleiden ya bayyana cewa dukkan sassan tsiro daga ƙwayoyin halitta aka gina su. A 1839 abokinsa Theodor Schwann ya faɗaɗa maganar zuwa dabbobi. Amma Schwann ya zaci sababbin ƙwayoyi suna daskarewa ne daga wani ruwa, kamar yadda gishiri ke fitowa idan ruwansa ya ƙafe. Wanda ya gyara wannan kuskure shi ne Robert Remak, ta hanyar jini. Ya lura da ƙwayoyin jinin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, ya ga ƙwaya ɗaya tana rabewa gida biyu. Rudolf Virchow ya yaɗa wannan ra'ayi tun daga 1855, cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa, sannan a littafinsa na 1858 ya kafa hujjar cewa asalin cuta yana cikin lalacewar ƙwayoyin halitta. Da wannan aƙidar ruwaye huɗu ta rasa gindin zama.

A 1868 Ernst Neumann a Jamus da Giulio Bizzozero a Italiya, kowa a nasa ɓangaren, suka gano cewa a cikin ɓargon ƙashi ake ƙera ƙwayoyin jini. Nan aka sauke hanta daga muƙamin da Jalinus ya ba ta. Adalci dai shi ne a ambaci cewa yana da ɗan rabo a gaskiya, domin hantar ɗan tayi tana yin ƙwayoyin jini na wasu watanni kafin ɓargo ya karɓi aikin.

Abin da aka sani yanzu shi ne jar ƙwayar jini faɗinta kimanin maikiron 7 zuwa 8 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wasu siraran jijiyoyin sun fi ta ƙunci, don haka sai ta lanƙwasa kafin ta wuce, ƙwayoyin suna bi ɗaya bayan ɗaya. Tana rayuwa kimanin kwana 120, tana ɗauke da sinadarin himogulobin mai kama oksijin a huhu ya sake shi a gaɓoɓi. A cikin waɗannan siraran jijiyoyi ne jini ke miƙa wa ƙwayoyin jiki abinci da iska, ya karɓi shararsu.

Inda Tarihin Ya Taɓa Afirka ta Yamma

A 1910 likita James Herrick na birnin Chicago ya ba da rahoton wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. Wannan ita ce cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana jikin himogulobin, a 1956 da 1957 kuma Vernon Ingram ya gano cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya a ginin sinadarin. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji sikila daga mahaifi ɗaya kawai yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya bayyana yawaitar gadon a ƙasashen da zazzaɓin ya yi kaka-gida, ciki har da Nijar da Nijeriya da Gana da Kamaru da Cadi.

Ba a fahimtar azabar wannan cuta sai da sanin abin da Malpighi da Leeuwenhoek suka gani. Ƙwayar da ta koma lauje tana tauri, ba ta iya lanƙwasawa, sai ta maƙale a siririyar jijiya ta tare hanya. Gaɓar da ke bayan wurin ta rasa oksijin, daga nan ciwon ƙashi da na ƙirji ke tasowa. Irin wannan ƙwaya kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, ɓargo ba ya iya cike gurbi, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da mai cutar. Idan miji da mata duk suna da rukunin AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da jariri mai SS. Gwajin jini kafin aure, wanda malamai da likitoci ke kira a yi, a kan wannan sani ya dogara.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin sanin jini daga Fargamon zuwa Alƙahira, daga Paduwa zuwa Landan da Delft, har zuwa ƙwayar da ke lanƙwashewa a jijiyar mai amosanin jini. Jalinus ya yi daidai a inda ya gwada, ya yi kuskure a inda ya cike giɓi da abin da ba a iya bincikawa, girman sunansa kuma ya tsare kuskuren tsawon ƙarnoni. Ibnun Nafis ya ƙi yarda da ramin da babu shi, amma maganarsa ba ta samu masu ɗaukar ta ba. Harvey ya zo da lissafi da gwajin da abokin adawa ma zai iya maimaitawa a hannunsa, don haka hanyoyin da bai gani ba suka jira madubin Malpighi shekara 33 kacal. Ɗalibin da ke karanta tsarin jiki a yau yana da damar yi wa kowane bayani tambayar da ta raba waɗannan da'awoyi biyu: wane awo ne ya kai ga wannan magana, kuma ta yaya wani zai iya gwada ta?